Shatar babban matsakaicin jirgin sama don doguwar tafiya: tambayoyi da amsoshi

Mutumin Zariya ya saba da ƙarar ƙananan jiragen koyon tuƙi da ke shawagi a samansa, domin tun 1964 Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama take a garin. Duk da haka, in wasu 'yan kasuwa ko iyali suka tashi ɗaukar shatar jirgi zuwa Umra ko neman magani a waje, sai a tarar abin da aka sani a kan lamarin kaɗan ne, kuma wannan rashin sanin yana cin kuɗi, wani lokaci har da rai.

Wane irin jirgi ne babban matsakaici?

Masu harkar sun kasa jiragen alfarma gida-gida bisa girma da nisan zango. Wannan rukuni yana sama da matsakaita, yana kuma ƙasa da manyan da ke ƙetare teku ba tsayawa. Yakan ɗauki mutum 8 zuwa 10, tsayin cikinsa ya kai wajen mita 1.8 ta yadda yawancin mutane za su miƙe tsaye, yana da bayan gida mai ƙofa da ɗan wurin ɗumama abinci. Sanannun cikinsu su ne Challenger 350 na kamfanin Bombardier, wanda ya fara aiki a 2014, da Gulfstream G280, da Citation Longitude na Cessna, da Praetor 600 na Embraer ta ƙasar Burazil.

Ina da ina zai kai mutum ba tare da ya da zango ba?

A nan ne wannan rukuni ya dace da mu. Challenger 350 yana cin wajen kilomita 5,900, G280 wajen 6,600, Praetor 600 kuma ya haura 7,400. Daga Kano zuwa Jidda a miƙe kimanin kilomita 3,400 ne, zuwa Alƙahira kimanin 3,100, daga Abuja zuwa Landan kuwa kusan 4,800, wato tafiyar awa shida ko sama da haka kaɗan. Duk waɗannan suna cikin ƙarfinsa. Amurka ce ba zai kai kai tsaye ba, sai ya sauka ya sha mai a hanya.

Sai dai lissafin da kamfani ya rubuta a takarda an yi shi ne da fasinjoji kaɗan da iska mai kyau. Idan aka cika kujeru, aka loda kaya, aka tashi da tsakar rana a zafin watan Afrilu, dole a rage man da za a ɗauka, domin iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi kamar mai sanyi. Ga kuma hanyar kanta: tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa suke kauce wa sararin samaniyarta, wanda hakan ya tsawaita tafiyar Jidda da Dubai. Saboda haka a nemi kamfani ya faɗa a rubuce ko zai kai ba tsayawa da adadin mutanen da za su tafi, a ranar da za su tafi.

Zai iya tashi daga Zariya?

Filin Zariya na horarwa ne, titinsa gajere ne ga jirgin da ya ɗauki man doguwar tafiya, kuma fita ƙasar waje tana buƙatar filin da ke da jami'an shige da fice da na kwastan. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi mota zuwa filin Malam Aminu Kano, ko filin Nnamdi Azikiwe na Abuja. A lokacin hunturu kuma a bar sarari a tsarin tafiya, tun da hazo yakan hana tashi da sauka a filayen Arewa.

Yaya ake lissafa kuɗin?

Da awa ake biya, da dala, kuma kowace awa dubban daloli ce. Abin da yake ba sabon shiga mamaki shi ne cewa har awannin da ba ya cikin jirgin zai biya: in jirgin yana Legas aka kira shi Kano, kuɗin zuwansa wayam yana wuyan mai shata, haka ma komawarsa. A kan wannan akwai kuɗin sauka da ajiye jirgi, da izinin ratsa samaniyar kowace ƙasa, da masaukin matuƙa in za su jira. Wani lokaci ana samun jirgin da zai koma gida wayam a farashi mai rahusa, amma mai shi yana iya sauya lokaci ko ya fasa, don haka bai dace da mai kai marar lafiya ba.

Ta yaya za a gane kamfanin da ya halatta?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mai karatu ya riƙe. Hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, tana ba da takardu iri biyu da ake yawan rikita su. Akwai AOC, shaidar da ke ba kamfani damar ɗaukar fasinja don kuɗi, wadda ba a samunta sai an bi ƙa'idoji masu tsauri kan gyaran jirgi da horon matuƙa da awannin hutunsu. Akwai kuma PNCF, izinin da ake ba mai jirgi don amfanin kansa da iyalinsa da baƙinsa, ba don haya ba. Wasu masu izini na biyun sukan ba da jiragensu shata a ɓoye da farashi mai sauƙi, abin da ya sa a 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasunsu, Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamitin binciken lamarin.

Haɗarin ba ƙarami ba ne, domin inshorar jirgin gida ba lalle ta biya diyyar fasinjan haya ba. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna Emiliano Sala, wanda ya rasu a Janairun 2019 lokacin da ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi daga Faransa zuwa Birtaniya ya faɗa teku, bincike kuma ya nuna matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi. Ko ta hannun dillali aka bi, kuma komai amanar da ke tsakani, a nemi sunan kamfanin da zai tuƙa jirgin, da kwafin AOC ɗinsa, da lambar rajistar jirgin, da takardar inshora, kafin a biya ko sisi.

Kaya da takardun tafiya fa?

Shata ba ta ɗauke wa kowa fasfo da biza. Ma'ajiyar kayan Challenger 350 kuwa kimanin kubik mita 3 ce, wato girman akwati uku masu mita ɗaya-ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, wadda za ta ɗauki akwati guda na kowane mutum da 'yan ƙananan jakunkuna. Masu dawowa daga Umra da zamzam da dabino da tsarabar dangi su sanar da kamfani nauyin kayansu tun kafin a tashi daga gida, ko su turo ragowar ta jirgin dakon kaya.