Hanyoyin hawan keke a kewayen gandayen ƙasa na Amurka

Hanyoyin hawan keke a kewayen gandun ƙasa, wato yankin da gwamnati ta keɓe don kare shi da kuma yawon buɗe ido, iri biyu ne: siririyar turba mai duwatsu da gangara, wadda ake bi da keken hawa dutse, da kuma hanyar burji ko tsakuwa mai faɗin mota, wadda ake bi da keken burji. Keken hawa dutse yana da tayoyi masu kauri da abin rage jijjiga. Keken burji kuwa kamar na tsere yake, kansa a lanƙwashe, sai dai tayarsa ta fi faɗi, yawanci milimita 38 zuwa 50. Wasan hawa dutse da keke ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a shekarun 1970.

Mallakar fili da doka

Baƙo yakan ɗauka cewa mafi kyawun turba tana cikin gandun ne. Galibi ba haka ba ne. Hukumar kula da gandayen ƙasa, wadda aka kafa a 1916, ta taƙaita keke ga hanyoyin mota da 'yan turbobin da aka ware masa da suna. Turbar masu tafiya a ƙasa ba ta keke ba ce. Ga kuma dokar kare jeji ta 1964, wadda ta hana duk wani abin hawa mai inji ko ƙafafun juyawa shiga yankin da aka ayyana a matsayin jeji, kuma hukumomi sun sa keke a wannan sahu. Masu keke sun daɗe suna ƙorafi a kan haka, amma dokar tana nan daram.

Saboda haka mai neman hanya tambayar farko da zai yi ita ce: filin nan a hannun wa yake? Da zarar an tsallake iyakar gandu, akan faɗa filayen hukumar kula da filayen gwamnati, ko dazuzzukan tarayya, ko na jiha, kuma can ne akasarin siraran turbobi suke. Manhajoji irin su Trailforks da MTB Project da Komoot suna nuna taswira da tsawon hanya da yawan hawa, sai dai masu amfani da su ne ke zuba bayanai da yawa, don haka layin da ke kan waya ba shaidar halacci ba ne. Taswirar hukuma da ofishin karɓar baƙi su ne abin dogaro. Alamomin wahala kuwa an aro su ne daga wasan sulu a kan dusar ƙanƙara: koren da'ira ga ɗan koyo, shuɗin murabba'i ga matsakaici, baƙin lu'ulu'u ga gwani.

Moab

Babu inda wannan rabo ya fito fili kamar garin Moab na jihar Utah, wanda ke tsakanin gandun Arches da na Canyonlands. Fitacciyar turbar Slickrock tana wajen gandayen biyu, a yankin Sand Flats. Masu babur ne suka shata ta a 1969, daga baya masu keke suka mamaye. Tsawonta wajen kilomita 17 ne, kusan duka a kan falalen dutsen yashi, kuma hanyar ba komai ba ce illa ɗigon farin fenti da aka jera a kan dutse. Sunan yana nufin dutse mai santsi, an ce don dawakai masu takalmin ƙarfe sun sha zamewa a kai. Tayar roba kuwa kama shi take kamar an shafa danƙo, har mahayi ya haye tudun da ido ke cewa ba ya hayuwa. Wanda ya raina kilomita 17 ɗin nan zai sha mamaki, domin hawa da sauka ne ba hutu.

A cikin Canyonlands, wanda aka kafa a 1964, abin da ake bi shi ne hanyar White Rim, zagaye mai kimanin kilomita 160 na ƙasa da dutse. An fasa ta ne a shekarun 1950 don masu neman ma'adinin yuraniyam. Yawancin mahaya sukan yi kwana uku zuwa huɗu, da motar rakiya ɗauke da ruwa da guzuri, domin babu ruwan sha a hanyar ko kaɗan. Sai da takardar izini ake shiga, ko da yini ɗaya za a yi, kuma wuraren kwana sukan cika tun da watanni. Idan kogin Green ya yi ambaliya, wani sashe na yammacin hanyar yakan yanke. Lokacin zafi ma'aunin yakan haura digiri 38, shi ya sa aka fi zuwa a watannin Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba.

Akwai dalilin da ya sa ake tsananta hana kauce wa turba a wannan yanki. Saman ƙasar yana da wani baƙin ɓawo mai gurzo-gurzo wanda ƙananan halittu ke saƙawa, shi ke riƙe yashi da laima. Taya ɗaya ta bi ta kai, sai ya shekara da shekaru bai farfaɗo ba.

Acadia

A jihar Maine lamarin ya sha bamban, domin hanyoyin burjin suna cikin gandun Acadia kansa. Attajiri John D. Rockefeller ƙarami ne ya ɗauki nauyin gina su tsakanin 1913 da 1940 don keken doki, kimanin kilomita 72 na fasasshen dutse a cikin gandun, ba a barin mota ta hau. Akan rufe su na ɗan lokaci idan ƙanƙara ta narke ƙasa ta yi taushi, kada taya ta bar sawu mai zurfi a kansu. Mai keke a nan shi ke ba mai doki da mai tafiya a ƙasa hanya.