Tambayoyi kan Bishop Myriel, mutumin da ya buɗe wa tsohon fursuna ƙofa

Wai wane ne wannan Myriel ɗin da kake ta yabo?

Bishop ne na garin Digne a Faransa, cikin littafin ƙagaggen labari Les Misérables da marubuci Victor Hugo ya fitar a 1862. Dattijo ne da ya bar wa marasa lafiya katafaren gidan da aka ba shi, ya koma ɗan ƙaramin ginin asibitin shi da ƙanwarsa Baptistine da mai aikinsu, kuma ƙofarsa ba a sa mata sakata ko da dare.

To ina fursunan ya shigo?

Jean Valjean kenan. Burodi ya sata saboda 'ya'yan yayarsa na jin yunwa, aka yanke masa shekara 5, yawan yunƙurin gudu ya mai da ita 19. An sake shi a 1815 da wata takarda ruwan ɗorawa mai nuna daga kurkuku yake, duk masaukin da ya je sai a kore shi alhali da kuɗinsa, gidan yarin garin ma ya roƙa suka ƙi, ya raɓa ɗakin kare karen ya fatattake shi. Wata tsohuwa ce ta nuna masa ƙofar bishop.

Me bishop ɗin ya yi masa?

Nan ne wallahi nake tsayawa duk karatun da zan yi. Valjean tun daga bakin ƙofa ya tona kansa, yana jiran a ce fita. Dattijon kawai ya sa a ƙara faranti, a shimfiɗa farin zanin gado, yana ta kiransa da kalmar girmamawa irin yallaɓai ɗin nan, mutumin da shekara 19 lamba ce sunansa. Har cokulan azurfa na manyan baƙi ya sa aka fito da su. Mutane sun fi tuna maganar mazaunin kyandir da ya ba shi daga baya, ni kam wannan zaman cin abincin ya fi taɓa ni.

Amma ai sata ya saka masa da ita?

Eh, cikin dare ya kwashe azurfar ya haura katanga. Da safe jandarmomi suka dawo da shi, bishop ya ce ai kyauta ya ba shi, ya ma manta mazaunin kyandir guda 2, ya ɗauko ya ƙara masa.

Ba ƙarya ya yi ba kenan?

An jima ana wannan gardamar. Ni dai abin da na gani, tun kafin su iso ya riga ya gaya wa mai aikin cewa azurfar dama hakkin talakawa ce, kuma da ya ce sata ce Valjean kurkuku zai koma, wataƙila har mutuwa.

Valjean ya shiryu nan take?

A'a, a ranar ma sai da ya danne kuɗin wani yaro Petit Gervais da ƙafa, bayan yaron ya tafi ne ya fashe da kuka. Mazaunin kyandir ɗin kuwa bai taɓa sayarwa ba, suna ci kusa da shi daren da ya rasu.