Mece ce siffar ramukan dutse, kuma me ya haɗa ta da lantarki?

Dutsen yashi da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa ba a cushe yake ba. Tsakanin ƙwayoyinsa akwai 'yan ramuka cike da ruwa, ko ɗanyen mai, ko iskar gas. Girman ramukan, da faɗin 'yan maƙogwaron da ke haɗa wani da wani, da yadda hanyar ke lanƙwashewa, su ake nufi da siffar ramuka.

Ƙwayar yashi ba ta ɗaukar lantarki, ruwan gishirin da ke ramukan ne ke ɗauka. Dole lantarki ya bi lungu-lungu, inda maƙogwaro ya tsuke ya wuce da ƙyar. A 1942 Gus Archie, injiniyan kamfanin Shell, ya fitar da lissafin da ya haɗa yawan ramuka da turjiyar dutse, wato yadda yake hana lantarki wucewa, da wata lamba, m, mai nuna wannan karkacewa. A sakakken yashi m kan kai kamar 1.3, a dutsen da ƙwayoyinsa suka manne da juna kuwa wajen 2. In ramuka sun ɗauki kashi 20 cikin 100 na jikin dutse, na farkon zai ninka turjiyar ruwansa kusan sau 8, na biyun sau 25. Yawan ramuka ɗaya ne, siffa ce ta bambanta.

Da yumɓu ya shigo sai lissafin ya karye. Fuskar yumɓu na jawo ƙwayoyin gishiri masu caji, irin su sodiyam, su manne mata, lantarki ya samu hanya ta biyu ta jikin bangon rami. Wasu masana biyu, Waxman da Smits, suka gyara lissafin a 1968 don ya ƙunshi wannan hanya. A ruwa mai gishiri sosai ba ta da wani tasiri, amma a ruwan daɗi ita ce ke rinjaye.

Abin da na ga an fi mantawa shi ne mazaunin yumɓun. Wanda ya dunƙule a rami guda bai kai wanda ya lulluɓe kowace ƙwaya tasiri ba, domin na biyun ya shimfiɗa wa lantarki hanya marar yankewa. Shi ya sa shimfiɗar dutse mai ɗauke da mai, wadda ya kamata ta nuna turjiya mai yawa tunda mai ba ya ɗaukar lantarki, takan nuna turjiya kaɗan a na'urar da aka zura cikin rijiya, a zaci ruwa ne, a wuce ta.