Abin da sabon tsarin gargaɗin sanyi na Amurka yake nufi

Daga ranar 1 ga Oktoban 2024, Hukumar Hasashen Yanayi ta Amurka ta sauya yadda take sanar da jama'a zuwan matsanancin sanyi. A da, sanarwar tana rataye ne da iska: sai an haɗa sanyi da kaɗawar iska lissafi ya kai wani mizani kafin a fitar da ita. Yanzu ko iska na kaɗawa ko ta kwanta, muddin sanyin ya kai na hallaka mutum, za a yi gargaɗi.

Matakan uku ne. Sanarwar sa-ido na nufin akwai yiwuwar sanyin ya zo, amma ba a tabbatar da lokaci ko wuri ba, don haka a tanadi abinci da magani da mai tun da sauran lokaci. Gargaɗi kuwa yana nufin ya iso ko yana dab da isowa, a zauna a ɗaki sai da larura. Faɗakarwa ita ce mafi sauƙi a cikinsu, ta sanyin da ke cutarwa amma bai kai na gargaɗi ba. Babu lamba ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Hukumar tana da ofisoshin hasashe 122, kuma mizanin ya danganta da yanki, domin sanyin da mutanen jihar Dakota ta Arewa suka saba fita aiki a cikinsa zai iya yin kisa a jihar Fulorida, inda gidaje da tufafi ba a yi su dominsa ba. Sanarwar ba ta rufe makaranta ko hanya da kanta, wannan hurumin hukumomin jiha ne da na ƙananan hukumomi da na makarantu.

Ba a jefar da lissafin iska ba. Tsarin da ake amfani da shi tun 2001 yana aiki ne idan yanayi ya kai digiri 10 na Salshiyos ko ƙasa, kuma gudun iska ya wuce kusan kilomita 5 a awa. Idan ma'auni ya nuna digiri 18 ƙasa da sifili, iska kuma na gudun kilomita 24 a awa, fata za ta ji kamar digiri 28 ƙasa da sifili, kuma yatsa ko kunnen da ke waje zai iya daskarewa cikin minti 30. Inda mutane ke kuskure shi ne zaton wannan lambar ta shafi bututun ruwa da mota. Iska tana sa su huce da sauri ne kawai, ba ta sauke su ƙasa da ainihin sanyin da ma'auni ya nuna.

Gajimare ne ke bayyana dalilin gyaran. Da daddare ƙasa tana sakin zafin da ta tara. Gajimare masu kauri da ke ƙasa da mita 2,000 suna zama kamar bargo, suna maido da wani kaso na zafin. Siraran nan na can sama da mita 6,000, waɗanda ƙwayoyin ƙanƙara ne zalla, ba su tare wani abin kirki. Shi ya sa daren da ya fi tsanani sau da yawa shi ne wanda sama ta washe, taurari suka fito tar, iska ta tsaya cik, ga dusar ƙanƙara shimfiɗe a ƙasa. Irin wannan dare ne tsohon sunan sanarwar, wato gargaɗin sanyin iska, ke sa mutum ya saki jiki, tunda bai ji iska ba. Idan kuwa siraran suka bazu har wata ya yi zobe, sannan suka yi ta kauri suna saukowa, alama ce ta ruwa ko dusar ƙanƙara na tafe.

Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, sai a ga karkarwa da ruɗewa da sarƙewar harshe da gyangyaɗi. A kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya kafin hannu da ƙafa, kada kuma a murza fatar da ta daskare. Idan wuta ta ɗauke, janareta yana zama a waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, saboda gubar hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari. A guguwar sanyin da ta faɗa wa Tekzas a Fabrairun 2021, wadda hukumomin jihar suka ce ta kashe mutum 246, wasu wannan hayaƙin ne ya yi ajalinsu a cikin gida.