Asetilkolin da makarɓansa: ina masu haɗa magunguna suka dosa?

Mene ne asetilkolin tukuna?

Sinadari ne da ƙwayoyin jijiya ke miƙa wa juna saƙo da shi. A 1921 Otto Loewi ya ɗebi ruwan da ya jiƙa zuciyar kwaɗo bayan ya taɓa jijiyarta, ya zuba wa wata zuciyar, sai ita ma bugunta ya ragu. Abin da ke cikin ruwan nan asetilkolin ne. Aikin ya sa shi da Henry Dale suka samu kyautar Nobel a 1936.

To, makarɓan fa?

Saƙo ba ya isa sai da mai karɓa. A jikin ƙwayar jijiya akwai wuraren da sinadarin ke maƙalewa, su ake kira makarɓa, kuma iri biyu ne. Na farko nikotin ɗin taba na iya tada su, suna buɗewa nan take. Na biyu kuwa maskarin ne ke tada su, wata guba ta naman kaza; aikinsu a hankali yake, kuma su biyar ne, daga M1 zuwa M5.

Me ya haɗa su da cutar mantuwa?

Tun shekarun 1970 aka lura cewa masu cutar Alzaima suna rasa ƙwayoyin da ke samar da asetilkolin a can ƙasan gaban ƙwaƙwalwa. Sai aka ce tun da ya yi ƙaranci, a hana ɗan abin da ya rage saurin narkewa. Haka donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, da rivastigmine da galantamine suke aiki. Gaskiya dai taimakonsu bai taka kara ya karya ba. Sukan ɗan riƙe tunani na wani lokaci, amma ƙwayoyin na ci gaba da mutuwa.

Idan an san makarɓan, me ya sa magani ke wuya?

A nan gizo ke saƙar. Waɗannan makarɓa ba a ƙwaƙwalwa kaɗai suke ba. Suna cikin hanji, da zuciya, da mafitsara, da inda yawu da gumi ke fitowa. Ka ba mutum ƙwaya don kansa, sai ka tarar da shi yana amai, gumi na tsatstsafo masa, yawu ya cika baki. Kuma wurin da sinadarin ke zama a M1 zuwa M5 kusan iri ɗaya ne, don haka zaɓen ɗaya a bar sauran ba ƙaramin aiki ba ne.

Labarin xanomeline, wani magani mai tada makarɓan maskarin, ya ishe mu misali. A shekarun 1990 an gwada shi kan masu Alzaima, aka ga gane-gane da ruɗu sun ragu, amma da yawa sun daina sha saboda yana ɓata musu ciki. Aka jingine shi shekaru. Daga baya aka haɗa shi da trospium, tsohon maganin mafitsara mai toshe irin waɗannan makarɓa, wanda kusan ba ya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Ɗaya na tada M1 da M4 a kai, ɗayan na tsare sauran jiki. A Satumban 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da haɗin, da sunan Cobenfy, don cutar sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali. Tun zuwan chlorpromazine a 1952 magungunan wannan cuta makarɓan dofamin, wani sinadarin saƙo na daban a ƙwaƙwalwa, suke taɓawa kai tsaye. Wannan ne ya bi ta wata ƙofa. Ni dai dabarar ta burge ni, ko da yake tashin zuciya da taurin bayan gida ba su ɓace gaba ɗaya ba.

An yi nasara ke nan?

A yi hattara. Wata biyu bayan haka, emraclidine, wani maganin wannan cutar da ya nufi M4 kaɗai, ya kasa a gwajinsa.

Makarɓan nikotin fa?

Varenicline na 2006, maganin daina shan sigari, yana zama a gurbin nikotin, ya tada shi kaɗan, sai kwaɗayin sigari ya lafa, wanda ya zuƙa kuma bai ji daɗin da ya saba ba.

Akwai lokacin da toshe makarɓan maskarin ake so?

Akwai. Trihexyphenidyl na rage karkarwar masu cutar Fakinsin. Sai dai a wurin tsofaffi yakan jawo ruɗewa da mantuwa, shi ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da rubuta musu shi.