Cututtukan Fata Masu Alaƙa da Sankara da Magungunanta

Cututtukan fata masu alaƙa da sankara rukuni ne na sauye-sauyen da ke bayyana a fata, farce, gashin jiki ko cikin baki sakamakon sankarar da ke jikin mutum, ko kuma sakamakon maganin da ake ba shi domin ita. Likitoci kan kasa su gida uku bisa tushensu. Akwai wanda ƙwayoyin sankarar ne da kansu suka iso fata. Akwai wanda sankarar tana can cikin huhu ko tumbi, ba ta taɓa fatar ba, amma sinadaran da take fitarwa ko rikicin da ta jefa garkuwar jiki a ciki su ke canza fatar daga nesa. Na uku kuma aikin magani ne: kemo (magunguna masu kashe ƙwayoyin sankara), gashin na'ura (gasa wurin sankarar da hasken na'ura), da sababbin magunguna masu zaburar da garkuwar jiki. Yawancinsu ba kasafai ake cin karo da su ba, kuma kusan kowannensu yana da ɗan'uwa a cikin cututtukan yau da kullum, irin su makero, ƙyasbi da ƙazuwa. Wahalar gano su ke nan.

Sankarar da ta iso fata

Wannan shi ne mafi sauƙin tabbatarwa, domin in aka gutsuri wurin aka duba, za a iske ƙwayoyin sankarar zaune a ciki. A mata, sankarar mama ce ta fi yawan yaɗuwa zuwa fata, galibi a ƙirji, a siffar ƙulluttai masu tauri marasa zafi. A 1874 likitan Ingila James Paget ya bayyana wani ciwo na kan nono mai kama da kirci, yana saɓa yana tsattsafo da ruwa, alhali sankara ce a ƙarƙashinsa. Abin da ke tona shi shi ne nono ɗaya kawai yake kamawa, kuma man shafawa ba ya warkar da shi. Haka nan ƙullutun da ke fitowa a cibiya, wanda aka laƙaba wa sunan Sista Mary Joseph, ma'aikaciyar ɗakin tiyata a Rochester ta Amurka, yakan nuna sankarar cikin ciki da ta riga ta yi nisa.

Akwai kuma biyu daga cikin masu kama fata kai tsaye da ya kamata a sani a Afirka. Sankarar Kaposi, wadda Moritz Kaposi ya bayyana a 1872, aka kuma gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta a 1994, takan fito da tabo ko ƙullutu mai duhu a ƙafa ko a ganɗa, sau da yawa tare da kumburin ƙafa, kuma ta yawaita sosai bayan ɓullar ƙanjamau. Ɗayar kuwa wata sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini mai zama a fata, wadda a baƙar fata takan zo a matsayin tabo mai haske a cinya, ɗuwawu ko gangar jiki. Mai irin wannan tabo zai iya shekaru ana ce masa ƙyasbi ne, wani lokaci ma a yi masa zargin kuturta. Bambancin yana hannu: tabon kuturta ba ya jin taɓawa in aka shafa masa auduga, ƙyasbi kuma in aka kankare shi aka duba a madubin likita ana ganin zaren naman gwari a cikinsa. Wannan kuwa ba ya nuna ko ɗaya, kuma akan gutsuri fatar sau biyu ko uku kafin ya yarda ya bayyana.

Alamun da sankara ke aikowa daga nesa

Nan ne abin ya fi ɗaure kai, domin gutsuren fata ba zai nuna sankara ba ko kaɗan. Tarihin wannan fanni yakan fara da Armand Trousseau na Faransa, wanda a 1865 ya lura cewa daskarewar jini mai yawo daga wannan jijiya zuwa waccan tana tafiya da sankarar cikin ciki. Shekara biyu bayan haka ya ga alamar a hannunsa, ya kuma fahimci abin da take nufi. Ya rasu a 1867.

Helen Ollendorff Curth, likitar fata da ta yi hijira daga Jamus zuwa Amurka, ita ta tsara ƙa'idojin da har yau ake auna irin wannan alaƙa da su. Jigonsu shi ne ciwon fatar da sankarar su fara kusan lokaci guda, su kuma tafi tare: in an cire sankarar fatar ta lafa, in ta dawo fatar ta sake tashi. Ana kuma so a ga cewa wani nau'in sankara ne takamaimai ke yawan zuwa da wannan ciwon, ba haɗuwar katari ba.

Curth ta yi fice ne a kan baƙin kaurin fata mai laushi kamar karan-miski da ke fitowa a ƙeya, hammata da matsematsi, wanda ake kira akantosis. Mafi yawan masu shi ba su da sankara. Ƙiba ce ko ciwon suga, kuma iyaye da yawa sun sha goge wuyan yaro da soso suna zaton dauɗa ce. Wanda ke tayar da hankalin likita shi ne wanda ya zo farat ɗaya ga babban mutum da ke ramewa, ya bazu da sauri, ya shiga leɓe da cikin baki, ga ƙaiƙayi. Wannan yakan nuna sankarar tumbi. Wani lokaci tafin hannu ma yakan yi kauri, zanensa ya tashi ya yi gurzau kamar cikin tumbin saniya da aka wanke. Kusan tara cikin goma na masu irin wannan tafi ana samunsu da sankara, galibi ta tumbi ko ta huhu.

A 1952 John Gammel ya bayyana wani ciwo mai zane da'ira cikin da'ira, kamar zanen jikin katako da aka fere. Mai kallon farko zai rantse makero ne. Sai dai shi wannan tafiya yake yi, bakinsa na iya matsawa kusan santimita ɗaya a kwana, abin da makero ba ya yi. Likita kan zana iyakarsa da biro yau, ya dawo gobe ya iske ya tsallake layin. Sankarar huhu ce ta fi zuwa da shi. Shi kuwa ciwon da André Bazex ya bayyana a Faransa a 1965 wuraren da yake zaɓa ne ke tona shi: gefen kunne, kan hanci, yatsu da farce, a maza masu shekaru sama da 40, kuma yakan riga sankarar maƙogwaro ko ta hanyar abinci bayyana da watanni.

Akwai kuma damatomayosaitis, ciwon da ke haɗa fata da tsoka. Mai shi yakan kasa tashi daga tabarma ko ɗaga hannu ya taje kai, fatar idonsa ta kumbura ta canza launi, ƙuraje masu faɗi su zauna a kan gaɓoɓin yatsu. Ba duk mai shi ne ke da sankara ba, amma a manya haɗarin yana da yawa, musamman cikin shekara uku na farko, shi ya sa ba a bincike sau ɗaya a rufe fayil. Sankarar gidan ƙwai na mata da ta huhu suna cikin waɗanda ake nema, a kudu maso gabashin Asiya kuwa ta bayan hanci ce kan gaba.

Mafi muni a rukunin shi ne femfigus (ciwon bororo da saluɓar fata) mai tafiya da sankara, wanda Grant Anhalt da abokan aikinsa suka bayyana a 1990. Baki ne ke fara lalacewa: leɓe ya tsage ya yi ɓawon jini, harshe ya saluɓe, mutum ya kasa haɗiye ko da kunu, kuma magungunan da aka saba ba sa taɓa shi. Yakan zo da sankarar kaluluwa ko ta jini, yana kuma iya toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu. Ciwon Sweet, da aka bayyana a Ingila a 1964, zazzaɓi ne da kumburarrun tabo masu zafi. Kusan ɗaya cikin biyar na masu shi suna da sankara, galibi ta jini. Sauran sun haɗa da kaushin fata mai kama da ɓawon kifi da ya sami babba ba tare da an haife shi da shi ba, da lallausan gashi irin na jariri da ke rufe fuska cikin 'yan makonni.

Abin da magani ke jawowa

A asibitocin sankara na yau wannan kashi ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba. Kowa ya san zubar gashin kai bayan kemo, amma akwai waɗanda ba a sani ba. Maganin biliyomaisin kan bar baƙaƙen layuka a baya da ƙirji sak shatar bulala, har dangi su tambayi wa ya doke shi. Kafesitabin kan sa tafin hannu da na ƙafa su yi zafi su saɓe, a baƙar fata kuma su yi duhu tukuna. A wasu ma zanen yatsa yakan goge, na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi karanta su. Imatinib kan hasken fatar baƙin mutum, a yi zaton bilicin yake yi. Haidiroksiyuriya, wanda masu sikila ma ke sha, kan baƙanta farce, a wasu kuma ya buɗe gyambo kusa da idon sawu. Akwai kuma abin mamaki da ake kira tunawar fata: wurin da aka gasa da na'ura watanni ko shekaru da suka wuce ya warke sarai, sai a ba mutum wani maganin kemo, wurin ya sake ƙonewa daidai iyakar da aka gasa, ba ƙari ba ragi.

Magunguna irin su setuksimab da alotinib kan fito da ƙuraje a fuska da ƙirji cikin mako biyu na farko a yawancin masu shansu. Suna kama da ƙurajen balaga, amma maganin ƙurajen balaga mai busar da fata ƙara musu wuta yake yi. Masu zaburar da garkuwar jiki, da aka fara amincewa da su a Amurka a 2011, nasu salon daban ne: ƙaiƙayi, albaras, ko bororo manya-manya, kuma suna iya bayyana bayan an daina maganin da watanni.

Yadda ake ganowa

Rabin aikin tambaya ce, kuma tambayar kwanan wata ce. Yaushe abin ya fara, wane magani aka fara sha kafin nan, da kwana nawa. A nan ana bukatar a zazzage jakar magani gaba ɗaya a kan tebur, har da jiƙo da tsimi da man da aka sayo a kemis. Sau da yawa mai laifin ba kemo ba ne, wani ƙaramin magani ne na gefe, kamar alofurinol ko maganin farfaɗiya, waɗanda ke iya jawo ciwon Stevens-Johnson mai saluɓe fata. Zazzaɓi da zafin fata tare da ciwon baki ko ido ga wanda ya fara sabon magani lamari ne na gaggawa, ba na jiran ranar ganin likita ba.

Sai dubawa, daga fatar kai har tsakanin yatsun ƙafa, da cikin baki, a hasken rana in da hali. Littattafan da aka koyar da yawancin likitoci da su hotunan farar fata suka cika, suna cewa a nemi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa ja. Yakan zama ruwan toka, shuɗi-shuɗi ko duhu kawai, don haka hannu ya fi ido amfani: a taɓa a ji ɗumi, kauri da tauri. Man shafawa mai sitiroyid, wanda ake sayarwa barkatai har a cikin mayukan bilicin, yana ƙara dagula lissafi, domin yakan danne ciwo ya canza masa kama. Shi ya sa akan ce a dakatar da shi kamar mako biyu kafin a gutsuri fata.

Gutsurar kanta ƙaramin aiki ne. Akan kashe wurin da allura, a murza wani ɗan ƙarfe mai bakin da'ira na milimita 3 ko 4, a ɗago gutsuren, a yi ɗinki ɗaya ko biyu. In ciwon mai bororo ne, akan ɗauki na biyu daga lafiyayyar fatar da ke gefensa domin gwajin da ke nuna inda garkuwar jiki ta kai farmaki. Mai shan kemo kuma garkuwarsa a ƙasa take, don haka kafin a ɗora wa magani laifi sai an kore ƙwayoyin cuta. Ƙazuwa a jikin irin wannan mutum tana iya yin ɓawo mai kauri ba tare da ƙaiƙayi sosai ba, ta ɓatar da kowa.

In hujja ta nuna maganin sankarar ne, ba lallai a dakatar da shi ba. Akan auna girman abin da faɗin jikin da ya ci: ƙasa da kashi 10 cikin ɗari mataki na ɗaya, daga 10 zuwa 30 na biyu, sama da 30 na uku. Tafin hannun majiyyacin tare da yatsunsa shi ne ma'aunin, ana ƙirga shi kusan kashi ɗaya cikin ɗari na fatarsa. A matakan farko akan ci gaba da maganin ana kula da fatar, musamman da yake a wasu magungunan, kamar setuksimab, an lura cewa waɗanda ƙurajen suka fito wa sosai su ne maganin ya fi yi wa aiki.