Iyakokin Ikon Shugaban Ƙasa a Tsarin Mulkin Najeriya

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya damƙa ikon zartarwa a hannun shugaban ƙasa, amma ya sa masa takunkumi a wurare uku: naɗin muƙamai, hulɗa da majalisa, da sha'anin kotuna.

Sashe na 147 ya ce ba wanda zai zama minista sai Majalisar Dattawa ta tantance shi, kuma tilas kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya ɗan asalinta. Gyaran 2023 ya ƙara da cewa a miƙa sunayen cikin kwana 60 bayan rantsuwa. Shugaban hukumar zaɓe ta INEC ma sai da yardar dattawa ake naɗa shi, cire shi kuwa sai kashi biyu bisa uku nasu sun goyi baya, wato sanatoci 73 cikin 109.

Sai dai inda doka ta rufe ƙofar tsigewa, shugabanni kan shiga ta tagar dakatarwa. Kanawa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. A Fabrairun 2014 Goodluck Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga kujerar gwamnan Babban Banki, alhali dokar bankin ta 2007 ta ce ba a cire gwamna sai da amincewar kashi biyu bisa uku na dattawa. Fadar shugaban ƙasa ta kafe cewa dakatarwa daban, cirewa daban. Ana cikin wannan taƙaddama Sarki Ado Bayero ya rasu, Sanusi ya hau karagar Kano a watan Yuni. Riƙon ƙwarya ma wata taga ce: sau biyu dattawa suka ƙi Ibrahim Magu, a 2016 da 2017, amma ya ci gaba da riƙe shugabancin hukumar yaƙi da cin hanci ta EFCC har 2020.

Ta fuskar majalisa, shugaba ba shi da ikon rushe ta, kuma ba ya taɓa kuɗin baitulmali sai da dokar kasafi. Sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu a kan ƙudiri ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun biyu na iya tabbatar da shi da kashi biyu bisa uku kowacce. Haka aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Ba kasafai 'yan majalisa ke wannan jarumtar ba.

Alƙalin Alƙalai kuwa, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da sunansa, shugaba ya naɗa, dattawa su tabbatar. Duk da kariyar sashe na 292, wanda ya ce ba a cire shi sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na dattawa, a Janairun 2019 Muhammadu Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata, ana saura makonni a yi zaɓe.

Kotu ma takan taka wa shugaba burki. Lokacin canjin kuɗi na 2023, da ciniki ya tsaya cak a Kantin Kwari da kasuwar Singa saboda ƙarancin takardun naira, Kano na cikin jihohin da suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris kotun ta soke umarnin shugaban ƙasa, ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin 200 da 500 da 1,000 har ƙarshen shekarar. Sai da aka shafe kwana goma kafin Babban Banki ya umarci bankuna su bi hukuncin.